Sirrin Majinyaci a Zamanin WhatsApp: Ina Iyakarsa Take?

A da, sirrin mara lafiya yana cikin fayil ɗin takarda ne a ɗakin ajiyar kati na asibiti. Yanzu kuwa sakamakon gwajin jini kan fita daga ɗakin gwaji ya shiga waya cikin daƙiƙa biyar. A gari irin Miga, inda kusan kowa ya san gidan kowa, hoto ɗaya da ya faɗa zauren WhatsApp na unguwa ya isa ya wargaza maganar aure ko ya hana mace shiga taron biki.

Misali mafi kusa shi ne Babban Asibitin Jahun, maƙwabciyar Miga, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari tun 2008. Yoyon fitsari lalura ce da ake warkewa daga gare ta, amma tsangwamar da ke biyo bayanta kan sa mata da yawa su ɓoye kansu. Idan suka ji cewa hotonsu na iya yawo, zuwa asibitin ma zai yi musu nauyi.

Abin da doka ta ce

Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, maganinsa ko kwanciyarsa a asibiti sirri ne. Sai dai sashen ya ware wuraren da za a iya buɗe shi: idan majinyacin ya amince a rubuce, idan kotu ko wata doka ta buƙata, idan yaro ne kuma iyaye ko waliyyi suka nema, idan mutum ba ya cikin halin ba da izini kuma wakilinsa ya nema, sai kuma idan yin shiru zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙara ƙarfi, domin ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin da ake ba kariya ta musamman, ta kuma ba hukumar NDPC ikon bincike da cin tara.

Inda sirri ke tsayawa

Jigawa ta ga amfanin wannan togiya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na watan Afrilun 2023 ya nuna cewa daga cikin mutum 1,686 da ake zargin sun kamu da sanƙarau a Nijeriya a wannan kakar, kashi 74 cikin 100 daga Jigawa suke. A irin wannan yanayi, ma'aikacin lafiya ba ya jiran izinin kowa kafin ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Haka abin yake ga kwalara, wadda kan yi barazana a garuruwan da ambaliya ke shafa a damina, ciki har da Miga.

Wannan rahoto ma da waya ake kai shi. Hukumar NCDC tana amfani da manhajar SORMAS, wadda aka ƙirƙira bayan annobar Ebola ta 2014, wajen tura bayanai daga ƙananan hukumomi zuwa jiha da Abuja. Bambancinta da zauren abokai shi ne, sai wanda aikin ya shafa ne ke da lambar shiga.

A Amurka ma an taɓa gwada iyakar. A shari'ar Tarasoff ta 1976, kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta yanke cewa idan majinyaci ya nuna zai cutar da wani takamaiman mutum, wajibi ne mai duba shi ya ɗauki matakin kare wannan mutumin. Ko a can, buɗe sirrin ya tsaya ne ga wanda zai iya hana ɓarna.

Inda waya ke kawo matsala

Gaskiya ne saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya tsakanin waya da waya. Amma da zarar hoto ya sauka, yakan shiga ma'ajiyar hotuna, daga nan ya hau Google Photos ko iCloud idan an kunna ajiya. Wanda ya ari wayar, ko mai gyara, ko mai tura waƙoƙi a shagon caji, duk suna iya cin karo da shi. Ko tsarin gani sau ɗaya ba ya hana a ɗauki fuskar wayar da wata waya.

Don haka ɗalibin aikin jinya da ke son nuna wa abokan karatu wani ciwo ya fara neman izini, ya rufe fuska, suna da lambar kati. Mai karɓar sakamakon gwaji ta waya ya kashe saukar da hotuna kai tsaye, ya sa wa hirar makulli. Masu neman taimakon kuɗin magani a Facebook su tambayi mara lafiyar kafin su saka takardunsa, su kuma goge sunan cutar idan bai so a sani ba.

Wanda aka fallasa masa sirri yana iya kai ƙorafi ga shugabannin asibitin, ko hukumar MDCN idan likita ne, ko NDPC. Kafin nan, ya adana hoton saƙon da ranar da aka tura shi, domin shi ne hujjar da za a fara tambaya.