Ina Man Tsohuwar Corolla Yake Tafiya?

Wani malamin makaranta a Kano yana da Toyota Corolla ƙirar 2005, 'yar Kwatano. Lokacin da fetur yake ƙasa da naira 200 bai taɓa damuwa da abin da take sha ba. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura naira 500, a 2024 ta zarce dubu, sai ya lura cewa man da ke kai maƙwabcinsa mako guda a irin motar, shi ba ya kai shi Alhamis. Abokai suka ce tsufa ne, ya sayar ya huta.

Kafin ya sayar, ya zaga gareji. An sauya fulogi, an wanke nozul, an sa sabon famfon mai. Kuɗi sun tafi, shan mai yana nan. Ba ɗigon fetur a ƙarƙashin motar, ba warinsa a ciki. To ina yake tafiya?

Daga ƙarshe ya faɗa hannun wani dattijon bakanike wanda bai ɗauki sifana ba sai da ya gama kallo. Ya zura yatsa a bakin salansa, yatsan ya fito baƙi ƙirin da busasshiyar toka. Da baƙin mai injin ke ƙonawa, da ya ga maiƙo da hayaƙi mai shuɗi. Busasshen baƙi kuwa na nufin fetur yana shiga fiye da yadda iska za ta iya ƙona shi. Man ba zuba yake ba, injin ake ɗura wa.

Sai ya ce, "Malam, murɗa makulli, amma kada ka tayar." Fitilun gaban direba suka kama, na batir, na baƙin mai, na birki. Fitilar gargaɗin inji kaɗai ba ta kama ba, alhali a lafiyayyar mota dole ta haska kafin inji ya tashi. Da aka buɗe wurin, sai aka ga an liƙe ta da baƙin salatif. Wani ya rufe wa motar baki tun kafin ta zo hannun malamin.

Alama ta uku kunne ne ya kama ta. Inji na sanyi, amma fankar lagireto tana ta juyi tun daga murɗa makulli. Suka hau titin Zariya, suka yi tafiya mai nisa, allurar zafi ba ta kai tsakiya ba. Malamin ya ce ai abin da yake yabon motar da shi ke nan, ba ta taɓa zafi ba. Dattijon ya ce, "A nan matsalar take, ranka ya daɗe."

Suka jona na'urar bincike, ta nuna lamba P0128, wato ruwan inji bai kai zafin da ake bukata ba. Aka kwance gidan tamostat, aka tarar da shi wayam. Wannan ɗan ƙarfe shi ke tare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82 kafin ya sake shi zuwa lagireto. Idan babu shi, ga fanka ba hutu, inji ba ya ɗumama yadda ya kamata. Kwamfutar motar kuma tana ƙara wa inji mai sanyi fetur, kamar yadda aka tsara ta. Ita a wurinta kullum asuba ce, musamman da hunturu.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa aka cire tamostat ɗin? Dattijon ya shafa lagireto bayan tafiyar, ya ji wani gefe da zafi, wani da sanyi. Da aka sauke shi, rabin bututunsa ya toshe da tsatsa da farin gishirin ruwan burtsatse. Mai motar na farko ya daɗe yana zuba irin wannan ruwa a maimakon ruwan sanyaya inji. Da ta fara zafi, aka cire tamostat, aka haɗa fanka kai tsaye, aka liƙe fitila. An bar jaki ana dukan taiki, malamin kuma ya gaji biyan diyya a gidan mai.

Aka sayo lagireto da tamostat a Ƙofar Ruwa, mai wayarin ya mayar da fanka yadda kamfani ya yi ta, aka zuba ruwan da ya dace. Allura ta tsaya a tsakiya, shan mai ya sauka.

Shin gyaran ya biya? Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, farashin 'yan Kwatano ya bi ta. Kuɗin wannan gyara bai kai ko kusa da cikon da zai yi ya sauya mota ba. Idan inji ba ya cin baƙin mai, giya na shiga lafiya, tsatsa ba ta cinye ƙasan mota ba, gyara ya fi sayarwa. Idan biyu cikin ukun nan sun lalace, a rabu da ita. Amma kada ka biya kuɗin wani ƙarfe sai bakanike ya nuna maka hujjar cewa shi ne ya lalace.