Direba da Kwandasta: Yadda Zaman Kujera Ke Cin Zuciya

A shekarar 1953 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Jeremy Morris ya wallafa wani bincike a mujallar Lancet kan ma'aikatan sufuri na birnin Landan, mutum wajen 31,000. A lokacin, bas-bas ɗin birnin masu bene ne. Direba wuni yake a zaune a bakin sitiyari, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗin mota. Morris ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Da ya koma gidan waya, haka ya tarar: masu yawon raba wasiƙu sun fi akawun da ke zaune lafiyar zuciya.

Wasu suka ce ai dama masu teɓa ne ke zaɓar tuƙi. Sai ya nemo awon ƙugun wandunan da hukumar sufuri ke raba wa ma'aikata. Direbobi sun fi ƙiba, gaskiya ne, amma ko an haɗa mai ƙiba da mai ƙiba, siriri da siriri, kwandasta ya fi tsira. Ashe motsin ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsoka idan tana aiki tana ƙone sukari da kitsen da ke yawo cikin jini. Idan ta kwanta, kitsen yakan taru a bangon jijiyoyi, hanya ta ƙuntata, zuciya ta dinga wahalar tura jini. Hawan jini kuma ba ya sallama. Mutum na iya shekaru awonsa ya haura 140 bisa 90 bai sani ba, sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye.

Tsawon aiki ma da nasa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

To a nan ne ma'aikatu da yawa ke yaudarar kansu. Ranar Zuciya ta Duniya, 29 ga Satumba, a raba riguna da huluna, a gayyato likita ya yi lacca, a rufe taro da lemon kwalba da soyayyen nama. Washegari kowa ya koma kujerarsa har bayan Isha'i. Kwandastan Landan ba lacca ce ta cece shi ba, aikinsa ne ya tilasta masa motsi, don haka gyaran yana hannun mai tsara aiki kafin ya zo hannun ma'aikaci. Shi ne zai tsayar da lokacin tashi, ya ba da hutun rana na gaske, ya ajiye na'urar awon jini inda masinja da darakta za su kai gare ta, ya kuma ce wa mai abincin ma'aikata ta rage gishiri da dunƙule, tunda abin da ake so babba ya ci a rana bai kai giram 5 na gishiri ba.

Ma'aikaci kuma abin da Hukumar Lafiya ke nema daga gare shi aƙalla minti 150 ne na matsakaicin motsa jiki a mako, wato rabin awa a kowace ranar aiki. Wanda ke takawa zuwa masallaci da azahar da la'asar, ya hau matakala maimakon lifta, ya sauka daga Keke Napep kafin ƙofar ofis, ya riga ya rage wani abu daga cikin wannan lissafin.