Fadamar tace ruwa: yadda take aiki da yadda ake kula da ita

Ruwan wanka da na wanki idan ya kwanta a bayan gida, sauro da wari yake jawowa. Shi ya sa a birane da sansanoni ake gina ƙaramar fadama don tace shi. Rami ne mai faɗi da aka shimfiɗa wa leda ko laka, aka cika da tsakuwa, aka dasa kachalla ko jema.

Ruwan yana ratsa tsakuwar a hankali. Datti ya maƙale, ƙananan halittun da ke jikin saiwoyi su cinye shi, tsirran su zuƙe saura.

Kada a bari ruwa ya taso saman tsakuwa, domin sauro kan girma cikin kwana 7 zuwa 10. A riƙa kwashe shara daga bakin magudana. A yanke kachalla idan ta yi yawa, don takan toshe hanyar ruwa, kamar yadda ta yi a dausayin Hadeja da Nguru. Kada a zuba bahaya ko baƙin mai.

Ruwan da ya fito na shayar da itatuwa ne kawai, ba na sha ko girki ba. In kun ga ta toshe, ku sanar da kwamitin ruwa da tsafta.