Jego da sana'a: wa zai riƙe kasko kafin mai jego ta yi arba'in?

Zancen ya taso ne a wurin zubi, bayan an kulle akwati. Wata ƴar ƙungiya mai aikin albashi a nan Gidan Rumji, cikinta ya shiga wata bakwai, ta kawo abin da ke hana ta barci. Da safe tana wurin aiki, da marece tana matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. An ce mata in ta ɗauki hutun haihuwa za a ci gaba da biyanta. Sai maƙwabciyarta ta tsorata ta, wai in aka gan ta ta saida ko kwalba guda ta mai, za a yanke kuɗin. Ga rancen ƙungiya a wuyanta, kuma da ribar man take biya. To, ta aje sana'ar ko ta ci gaba?

Abin da doka ta ce

Dokar aiki ta Nijar ta shekarar 2012 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na sati 14 a jere, takwas daga ciki bayan haihuwa. In ciwo ya biyo bayan ciki ko haihuwa, kuma likita ya shaida, ana iya ƙara sati uku. Mai aiki ba shi da ikon korarta cikin wannan hutu. In ta koma, tana da hutun shayarwa da ya kai awa guda a kowace ranar aiki.

Wadda aka rubuta sunanta a CNSS, wato asusun ƙasa na ma'aikata, asusun ke biyanta rabin albashi. Misali, mai ɗaukar jika 60 a wata za ta samu jika 30 daga can. Cikon rabin yana wuyan mai aikin, bisa sharaɗin daɗewarta a wurin, saboda haka ta tambaya tun da wuri. Ma'aikatan gwamnati kuwa dokarsu daban ce, gwamnati ke biyansu.

Kuɗin nan madadin albashi ne, ana ba da su saboda mace ta tsai da aiki ta huta. Don haka wadda ta karɓa kuma ta je ta kama wani aikin albashi a wani wuri cikin hutun, ta sa kanta cikin matsala. Game da sana'ar gida, kada a tsaya ga jita-jitar bakin rijiya. Tun ciki bai tsufa ba, ta je ofishin CNSS ko na masu kula da sha'anin aiki a Maraɗi, ta faɗi irin sana'ar da take yi, ta ji amsa daga bakinsu. Ta tafi da takardar awon ciki da takardun albashinta. Bayan haihuwa kuma a yi saurin yankar wa jariri takardar haihuwa, don za a neme ta.

Shawarar da mata suka tsaya a kai ranar nan ita ce: jarin ya ci gaba da juyawa a hannun wata, mai jego ta zauna ta huta.

Mu da ba mu da albashi fa?

Gaskiya yawancinmu, daga Tsibiri zuwa Cadakori, daga Agye zuwa Gazawa, ba mai biyanmu sisi in mun haihu. Mai ƙosai, mai fura, mai awara, ranar da ba ta fita ba ranar ba ciniki. Shi ya sa za ki ga mace kwana goma da haihuwa tana durƙushe gaban murhu, hayaƙi na shiga idon jariri, ko tana daka da jan ruwa alhali jini bai gama tsayawa ba. Iyayenmu da suka sa zaman arba'in sun san abin da suke yi. Ma'aikatan likita ma sati shida suke lissafawa kafin jiki ya koma daidai, kuma suna son a ba jariri nono zalla har wata shida.

Akwai wani ramin kuma: suna. Sau da yawa jari ba ya mutuwa don rashin ciniki, a ranar suna ake cinye shi. Goro, abinci, sabon zane, sai a wayi gari tiya goma ta gyaɗa ta zama labari, rance kuma yana nan yana jira.

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, dubarar ita ce abin da babu mai yi mana mu yi wa kanmu. Hutun haihuwa ma yana cikin abin da akwatinmu zai iya ɗauka.

Abin da ƙungiya za ta iya tsarawa

Na farko, lokacin rance. Mai ciki ta faɗa wa shugaba ko ma'aji a asirce, don kada ranar biya ta faɗo cikin watan haihuwa. In ta riga ta ɗauka, a zauna a ɗaga mata ranar da yardar kowa, a rubuta.

Na biyu, zubi da tara. A yarda mai jego ta aiko da zubinta ta hannun wata har ta yi arba'in, ba tarar rashin zuwa.

Na uku, asusun taimako. A tsai da abin da za a ba kowace mai jego, daidai wa daida, ba sai ta roƙa ba. Ƙungiya mai mata 25, in kowa ta ƙara dala biyar a sati, cikin sati 40 an tara jika 25. Wannan ya isa a tallafa wa mata biyar da jika biyar-biyar.

Na huɗu, mai riƙon sana'a. A samu ƴar uwa, kishiya ko ƴar ƙungiya ta karɓi kasko ko turmi. A auna gyaɗar tiya-tiya gaban shaida, a yanke rabon riba tun farko. Zumunci da yawa ya lalace don an ce ai ba komai, mu ɗaya ne. Kuma don Allah kada a fidda ɗiya daga lakwal a ɗora mata talla saboda uwa na jego.

Na biyar, a raba kuɗin suna da jari. Wadda ta ware akuya ko ɗan abin da za ta kashe tun ciki na wata biyar, ba za ta taɓa uwar kuɗi ba.

Ita ƴar uwarmu mai man gyaɗa, ƙanwar mijinta ta yarda za ta riƙe matsar, ƙungiya kuma ta ɗaga mata biya zuwa bayan arba'in. Saura tafiyar Maraɗi, wadda ta ce za ta yi kafin nauyi ya hana ta hawa mota.

A zama mai zuwa, kowace shugaba ta buɗe dokokin ƙungiyarta ta duba: me aka rubuta game da mai jego? In babu komai, a kawo zancen kafin a buɗe akwati. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu.