Ciwon faifan ƙashin baya: doguwar kwanciya ba magani ba ce

Masu wannan ciwo da yawa suna tuna ranar da ya fara. An sunkuya za a ɗauki jarkar ruwa ko buhun hatsi, sai zafi ya soki ƙugu, ya gangara cinya har dunduniya. Faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya tsage, abin da ke cikinsa mai laushi ya ɓullo ya danne jijiya. Yawanci a ƙasan baya hakan ke faruwa, a gaɓoɓin da likitoci ke kira L4-L5 da L5-S1.

A gida akan ce mutum ya kwanta sai ya warke. Likitoci sun daina ba da wannan shawara, domin kwanciyar da ta wuce kwana biyu tana raunana tsokoki, bayan kuma ya ƙara sandarewa. Galibin masu ciwon suna samun sauƙi cikin makonni 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba.

Tafiya a ƙasa ita ce mafari: minti 5 zuwa 10, sau da yawa a rana, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Likitocin fisiyo kuma kan koyar da atisayen da Robin McKenzie, ɗan ƙasar New Zealand, ya shahara da shi. Mutum ya kwanta rub-da-ciki, ya dogara da gwiwar hannu, ya ɗaga ƙirji a hankali, ƙugunsa na ƙasa.

Ba kowa wannan atisaye ke karɓa ba, kuma ƙafa ce alƙali. Idan zafin ya janye daga ƙafa ya koma tsakiyar baya, alama ce mai kyau, ko da bayan ya ɗan ƙara ciwo. Idan kuwa ya ƙara gangarawa ƙasa, a dakata a koma wurin likita.

A makonnin farko a guji sunkuyawa don taɓa yatsun ƙafa, da atisayen rage tumbi na tashi-zauna, da ɗaga ƙarfe mai nauyi. Direbobi da teloli su riƙa miƙewa kowane rabin awa, domin dogon zama yana matse faifan.

Akwai alamun da ba sa jiran gobe: mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, kasa yin fitsari ko riƙe bayan gida, ko ƙafar da ta soma jan ƙasa. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya tafi asibiti nan take, domin jinkiri na iya lalata jijiyar har abada.