Mazaunin rabi a layin lambobi

Yaro ya san rabin lemu, amma sau da yawa bai san rabi lamba ce mai mazauninta ba. Layin lambobi ne ke nuna masa haka.

Malami ya ja layi a allo, ya rubuta 0 a hagu, 1 a dama, ya raba tsakaninsu gida huɗu daidai wa daida. Kowane taku rubu'i ne. Taku biyu, wato 2/4, kan 1/2 yake sauka.

Yara kan ƙirga zane maimakon tazara, don haka a sa su bi da yatsa. Da an raba layin gida takwas, za su gani da idonsu cewa 1/8 bai kai 1/4 ba, ko da yake 8 ta fi 4.