Bayani a Kan Auna Haske Ga Mai Koyon Ɗaukar Hoto

Amma bayan haka, Malam Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya tabbatar da cewa idan haske ya shiga ɗaki mai duhu ta 'yar kafa, surar abin da ke waje takan bayyana jikin bango a juye. Wannan shi ne asalin kyamara.

To, mai koyon ɗaukar hoton dutse ko fadama lalle ne ya kiyaye ma'auni uku. Na farko, faɗin kafar: gwargwadon girman lambarta, gwargwadon ƙanƙantarta, kuma f/16 tana fito da na kusa da na nesa sarai. Na biyu, tsawon lokacin da take buɗe. Na uku, ISO, watau saurin karɓar haske.

In rana ta take, ISO 100 da f/16 da kashi 1 cikin 125 na sakan sun wadatar. Da la'asar sakaliya kuwa, haske ya yi rauni, sai a tsawaita lokacin, a girke kyamarar bisa abin ɗorawa mai ƙafa uku, domin rawar hannu tana ɓata hoto. Wanda ya ƙetare haddi, hotonsa ya fito fari fat. Wanda ya gaza, baƙi ƙirin, wahalar tafiyarsa ta tashi banza. Allah Ya ba da dacewa.